Idon da Ba Ya Taya

Duk layin babu mai kiransa da sunansa na yanka. Ban-yarda-ba ake ce masa, kuma wallahi shi ya jawo wa kansa. Ka ce masa hadari ya haɗo, sai ya leƙo daga shago ya dubi sama ya ce bai yarda ba. Ka gaishe shi da fara'ar da ta ɗara ta jiya, sai ya bi ka da kallo har ka sha kwana, yana ta saƙa da warwara a kan abin da kake nema a wurinsa. Amma a gyaran agogo kam, ja bakinka ka yi shiru kawai. Shekara arba'in da 'yan kai yana zaune a kan kujera ɗaya, gaban teburi ɗaya, da ɗan gilashin gyara maƙale a idonsa na dama, kuma ba a taɓa jin agogon da ya fita daga hannunsa ya dawo da ciwon da ya kawo shi ba.

Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Bango uku duk agogo ne, kowanne yana nuna lokacin da ya ga dama, don ya ce ba zai ɓata ƙarfinsa wajen daidaita agogon da bai sami mai shi ba tukuna. Teburin yana da aljihu tara, kuma ko ido rufe ya san inda kowane ɗan sukuru yake kwance. Tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa, akwai shagon Mai Rediyo, mutum ɗaya tak da ya iya zama da shi. Kullum safe Mai Rediyo zai tsallako da butar shayi da kofi biyu da burodi, su sha, su yi musu a kan abin da bai shafe su ba, kowa ya koma aikinsa. Shekara ashirin ke nan ana haka.

Da waya ta zo ta cinye kasuwar agogo, sai da shagon ya kusa zama ɗakin ajiya. 'Yarsa ce ta ceto shi. Ita kaɗai Allah ya ba shi, nas ce a wani babban asibiti, tafiyar yini guda a mota, kuma Uwata yake kiranta tun tana goye. Da ta zo rasuwar mahaifiyarta, shekara shida da suka wuce, ta zaunar da shi ta buɗe masa shafi a wani dandalin gwanjo na intanet. Ta nuna masa yadda ake ɗaukar hoton kaya a ɗora, mutane daga ko'ina su yi ta taya har kwanakin gwanjon su cika, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Da farko ya ce bai yarda ba, 'yan damfara ne. Da agogon aljihu guda ya tafi da daraja, sai ya koma shi ke koya wa mutane.

A zuwan nan ne kuma suka yi maganar da ta tsaya masa a rai. Ta ce ya rufe shago ya bi ta, ga ɗaki nan ta gyara masa. Ya ce daga shagon nan sai kabari. Suka yi ta ja har murya ta ɗaga. Da za ta hau mota ta juyo, idonta jajir, ta ce, “Shi ke nan, Baba, na bar ka. Amma ranar da na ga hannun nan ya gaza, zan zo in ɗauke ka, ko kana so ko ba ka so.” Ya san halin kayarsa, ba ta magana biyu. Tun daga ranar, duk kiran da za ta yi amsarsa ɗaya ce: lafiya lau, aiki ya yi yawa, sai an jima.

To, hannun ya fara gazawa. Da ɗan yatsa ɗaya abin ya soma, wata 'yar rawa da ba ta kai ta kawo ba. Kafin shekara ta zagayo, sai ya ɗauki sukuru da matsefata sau biyar yana suɓucewa. Bai faɗa wa kowa ba. Ya koma sa riga mai dogon hannu, in baƙo ya shigo sai ya danne hannun a ƙarƙashin teburi. Gyaran agogon hannu ya daina karɓa, wai ya ƙoshi da ƙananan ayyuka. Gwanjon ne kawai ya riƙe shagon, kuma shagon shi ne ransa.

Yana da wata ɗabi'a a gwanjon da ba ya canzawa. Kowane agogo sai ya ɗora shi a tafin hannunsa na hagu ya ɗauki hoto da na dama, don kar wani maƙaryaci ya karɓi kaya ya ce ya zaci ya fi haka girma. Kuma kullum ƙarfe goma na safe, da an gama shayi, sai ya ɗora kaya ɗaya. Ɗaya tak, ba ya ƙarawa ba ya fashi.

A ƙarƙashin kowane hoto akwai wani ɗan zanen ido da lamba a gefensa, mai nuna mutum nawa suka sa wa kayan ido suna bibiya. Ba suna, ba gari, lamba kawai. Sauran masu sayarwa murna suke yi in lambar ta hau. Ban-yarda-ba kuwa sai ya tsura wa idon ido. Ya lura da wani abu da ba kowa zai lura da shi ba: duk abin da ya ɗora, kafin ƙarfe goma sha ɗaya lambar ta tashi daga sifiri ta koma ɗaya. Kaya mai kyau, wasu za su biyo baya, a yi taya, a sayar. Kaya marar farin jini kuwa, haka zai yi kwana bakwai da ido ɗaya a kansa, ko sisi ba a taya ba.

“Mutum ɗaya ne,” ya ce wa Mai Rediyo wata safiya. “Kullum shi ne.”

“To sai me? Masoyi ka samu.”

“Masoyi? Masoyin da ba ya taya? Ban yarda ba.”

Mai Rediyo ya yi dariya ya zuba masa shayi rabin kofi. Ya daɗe da daina cika masa kofi, kuma bai taɓa faɗin dalili ba.

Abin da ke cin Ban-yarda-ba a rai ba tayin ba ne. Hotunan ne. Da, hoto ɗaya yake ɗauka ya fito tas. Yanzu sai ya ɗauki ashirin kafin ya sami wanda bai yi dishi-dishi ba. Da abin ya ƙi, ya koma jingina wayar a jikin gwangwani. Da hannun hagun ma ya fara fitowa kamar ana kaɗa shi, sai ya koma danne bayansa a kan teburi. Mai saye na gaskiya agogo yake kallo ya wuce. Amma wanda yake kallon kowane hoto, kowace rana, wata da watanni, ai ba agogo yake kallo ba. Wannan yana jiran faɗuwarsa ne. In maganar ta fita a layi, kwana nawa ne ta kai kunnen Uwata?

Ita kanta bai taɓa sa ta a lissafi ba. Yarinyar da ko agogo ba ta ɗaurawa, mai yini a tsaye kan marasa lafiya, ina ta ga lokacin kallon tsofaffin ƙarafa?

Ya rubuta wa masu dandalin takarda mai zafi, ya ce su faɗa masa sunan mai sa masa ido. Suka amsa da ladabi cewa ba sa bayyana kowa. Ya sake rubutawa ya ce ai shi ne mai kayan, yana da haƙƙi. Suka maimaita amsar farko harafi da harafi. Nan ya tabbatar har da su a ciki.

Sai ya shiga ɗana tarko. Ya ɗora wani mataccen agogo da ba hannu ba gilashi, ya sa masa farashin da ko mahaukaci ba zai kalla ba. Goma da rabi, ido ɗaya. Washegari ya ɗora tsohon makulli mai tsatsa. Ido ɗaya. Rana ta uku don tsabar neman magana ya ɗora murfin kwalba a tafinsa. Jama'a, murfin kwalba! Ya zauna da waya a gabansa kamar mai gadin tukunya, yana sabunta shafin. Goma da minti talatin da biyu, ido ya buɗe.

Ya jera mutanen layi a ransa yana tankaɗe. Mai sayar da tabarau ya taɓa tambayarsa ko zai saki shagon. Matar mai gidan hayar tana yawan leƙowa tana cewa sannu da jiki, alhali bai ce mata ba shi da lafiya ba. Amma duk inda tunaninsa ya zaga, sai ya dawo kan rabin kofin nan. Wa ya san da hannun in ba mai zuba shayi ba? Wa ya daɗe yana kukan shagonsa ya yi masa kaɗan?

Ranar Talata ya ɗora wani agogon tebur, ya gyara kujera yadda zai hango tsallaken titi sosai. Goma da rabi daidai, Mai Rediyo ya ajiye abin da yake gyarawa, ya sa hannu a aljihu ya zaro waya ya duba. Ban-yarda-ba ya sabunta shafinsa. Ido ɗaya.

Ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba ya tsallaka.

“Ashe kai ne!”

Mai Rediyo ya ɗago. “Ni ne wa?”

“Kar ka raina mini hankali. Shekara guda kana sa mini ido kamar maye. Shagon kake so? Ka fito fili ka faɗa mana, ka daina laɓewa a bayan lamba!”

“Haba, Mai Agogo. Matata ce ta turo saƙo in taho da sabulu. Ga shi, duba.”

“Ba na dubawa. Kun shirya.”

“Ni da ko shiga shafin naku ban iya ba? Ka ji tsoron Allah, mutumina.”

“Ni ba mutuminka ba ne. Rabin kofin da kake zuba mini, ka zaci ban gane ba? Auna ni kake yi.”

Mutane sun fara taruwa. Mai Rediyo ya dube shi, ya dubi hannun da ke karkarwa a gefen riga, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya haɗiye. Da ya so, kalma ɗaya ta isa ya tona shi a gaban layi duka. Abin da ya ce kawai shi ne, “Allah ya huci zuciyarka,” ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Ban-yarda-ba ya ɗauki wannan shirun a matsayin amsa laifi, ya dawo shago yana huci. Tun daga ranar butar shayi ba ta sake tsallako titi ba.

Abin haushi, idon bai fasa ba. Ran Laraba ya buɗe, ran Alhamis ma ya buɗe. Ban-yarda-ba ya ce lallai rashin kunyar ta kai. Nan ya yanke shawarar da yake ganin ta fi kowacce wayo a rayuwarsa: zai kashe idon da yunwa. Ya sauke duk kayan da ke shafin, ya bar shi fayau. Mu ga abin da za ka kalla, ya ce, yana murmushin mugunta. Don kar zuciya ta ja shi ya leƙa, ya kashe wayar gaba ɗaya ya jefa ta a aljihun teburi na tara.

Kwana huɗu ya yi yana jin daɗin nasara, in ka cire wahalar shayi. Ya sayo ɗan risho yana dafawa da kansa, kuma a rana ta biyu butar ta kuɓuce ta zuba masa tafasasshen ruwa a bayan hannun hagu. Ya naɗe wurin da tsumman goge agogo ya yi ta maza. Burodin da Mai Rediyo ke haɗowa da shi kuwa, sai da ya daina zuwa sannan ya gane ashe shi ne karin kumallonsa duk shekarun nan.

Rana ta biyar da hantsi, yana durƙushe yana laluben wani sukuru da ya faɗi, inuwa ta rufe ƙofar shagon. Ya ɗago. Uwata ce, da 'yar jaka a kafaɗa, da takalmin aiki a ƙafarta, fuskarta duk ta faɗa don rashin barci.

Ba ta yi sallama ba. Ta dafa ƙofar ta ce, “Alhamdu lillahi,” sai ta zauna a kan dakali ta fashe da kuka.

Ya tura hannuwansa biyu a bayansa kamar yaron da aka kama da sata. “Uwata, lafiya? Wa ya rasu?”

“Kai na zaci ka rasu, Baba! Kwana biyar ba ka ɗora komai ba. Wayarka a kashe. Shekara shida ba ka taɓa fashin rana ɗaya ba.”

Ya miƙe a hankali. Agogunan bango suka ci gaba da ƙas-ƙas ɗinsu, kowanne da nasa lokacin.

“Ke kika san ina ɗorawa?”

“Goma da rabi nake samun hutun shan ruwa. Kafin in kai komai bakina sai na duba.”

“Ke ce idon?”

“Wane ido?”

“Ɗayan nan. Wanda ba ya taya.”

Ta share hawaye da bayan hannu, har ta kusa yin dariya. “In taya me, Baba? Murfin kwalba? Ranar nan sai da na shiga banɗaki na yi kuka, na ce shi ke nan, abin ya taɓa kansa.”

“Tarko ne,” ya ce a hankali.

“In na kira ka, lafiya lau, sai an jima. To ni ina zan gan ka? Hannunka nake kallo. Na ga lokacin da hotuna suka fara dishi-dishi. Na ga ranar da ka fara jingina waya, don gefen gwangwanin ya fito. Na ga ka koma danne hannun a teburi. Zoben Inna da kake sawa a ƙaramin yatsa, na ga ya koma na tsakiya don ka rame. Aikina ke nan fa, Baba, rawar hannu irin wannan kullum ina ganinta.”

“Tun yaushe kika gane?”

“Wata goma sha huɗu.”

“Amma kin ce ranar da kika gani…”

“Na ce. Na kuma karya maganata, don na san abin da shagon nan yake a wurinka. Na ce wa kaina, muddin yana ɗora kaya ƙarfe goma, to ya tashi, ya yi wanka, ya buɗe shago, ya sha shayinsa da Baba Mai Rediyo. A bar shi. Tagar da nake leƙenka ke nan, ita kaɗai, kai kuma ka tashi ka rufe ta.” Ta miƙa hannu. “Kawo in gani.”

Bai motsa ba. Ta zagaya da kanta ta kamo hannun hagun, ta warware tsumman. Ƙunar ta kumbura ta fara ruwa. Ta daɗe tana kallo, hannun yana ta rawa a cikin nata kamar ɗan tsuntsun da aka kama. Sannan ta dubi rishon, ta dubi kofi ɗaya a kan teburi.

“Ina Baba Mai Rediyo?”

Ya sunkuyar da kai. Bai iya ba ta labarin duka ba, amma ɗan abin da ya faɗa ya ishe ta.

“Innalillahi. Baba, mutumin da ke zuba maka rabin kofi don kar ka ƙone?” Ta numfasa. “A hoto na iya daurewa. Yanzu na gani da idona, ba zan iya komawa in bar ka ba. Jibi za mu tafi.”

Duk layin sun san amsar da ke bakinsa, shekara arba'in yana ba da ita ga babba da yaro. Ya buɗe baki, kalmar ba ta fito ba. Baƙin cikinsa ba na tafiyar kaɗai ba ne. Abin da ya yi shekara yana gudu, da hannunsa ya aika masa goron gayyata, kuma a hanya ya tattake mutum biyun da suka rufa masa asiri.

Kwana biyu suka yi suna naɗe agoguna a tsofaffin jaridu. Safiyar tafiya, ƙarfe goma, ya ce ta miƙo masa wayar. Kayan aikinsa zai ɗora, matsefata da 'yan sukundireba da ɗan gilashin gyara, don ba su da amfani a inda za shi. Ta ce bari ta ɗauka masa hoton a kan teburi. Ya ce a'a, a tafin hannu, yadda aka saba. Ta sa hannunta a ƙarƙashin nasa ta tallafe, ta ɗauka da ɗayan. Hoto ɗaya, ya fito tas.

Suna jiran mota, ɗabi'a ta ja shi ya sabunta shafin. Ido ɗaya.

Ya juya ya harare ta.

“Ba ni ba ce,” ta ce. “Wayata tana cikin jaka tun safe. Me zan kalla, ga ka a gabana?”

Ya ɗaga kai ya dubi tsallaken titi. Mai Rediyo yana zaune a ƙofar shagonsa, tabarau a kan hanci, ya ƙura wa waya ido yana dangwala ta da yatsa ɗaya, irin na wanda jiya-jiya aka koya masa. A gefensa butar shayi ce da kofi biyu.

Ban-yarda-ba ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya sauke kayan daga shafin, ya tattara su a tafinsa.

“Baba, kawo in kai masa.”

“Bari, Uwata. Ni na tsallaka wancan karon, ni zan tsallaka wannan.”

Ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya sauka daga dakali. Ƙarafan suna ta ƙarar haɗuwa da juna a tafinsa, duk layin suna ji suna gani, bai ɓoye ba. Kafin ya kai tsakiyar titi, Mai Rediyo ya ajiye wayar ya fara zuba shayi, rabin kofi.